Telan da Na Hana Zuwa Gaisuwar Gwaggo

Daga Allah muke, wurinsa kuma za mu koma, sai dai Gwaggo ta riga mu kama hanya. Ranar Litinin da hantsi ta cika, tana zaune a bakin gado da mayafi a kafaɗa, ta gama shirin fita. Kafin la'asar an kai ta. Ba ta yi jinya ba, ba ta wahalar da kowa ba. Wahalar sai bayanta ta zo.

Gidanmu na Ƙofar Sauri ya cika har ba wurin aje ƙafa. Maza a waje kan tabarmi, mata a ciki har bakin madafa. Ni da na tashi a ɗakinta tun ina shekara bakwai, na ɗauka na san duk mutanenta, sai ga fuskokin da ban taɓa gani ba. Wata tsohuwa ta shigo da takalmanta a hannu, ta zube a gabana tana kuka, har sai da na koma ni ke ba ta haƙuri. Da na tambaye ta yadda suke da marigayiya, sai ta ce, "Ita ta kai ni gaban alƙali lokacin da aka kashe mani miji." Ta sha ruwa, ta yi addu'a, ta tafi, ko sunan ƙauyensu ban samu na tambaya ba.

Dangi kuwa nasu salon daban ne. Kowace ta zauna sai ta ce, "Allah shi jiƙan Hajiya," ta gyara mayafi, sannan ta ƙara da, "Amma dai akwai kafiya." Wata tsohuwar gidanmu ta ce, "Mugunta kam babu. Sai dai in ta kama magana, sai wanda ya gaji ya saki, ita ba ta saki."

Ran Laraba, bayan addu'ar uku, zancen duk ya koma kan mutum ɗaya.

"Wai telan nan na Kambarawa bai zo ba?"

"Bai zo ba."

"Duk abin da ta yi mashi? Matar da ta ɓata da jininta saboda shi?"

"Butulu ke nan."

Ina zaune ina jin su, ina jan carbi. Har yau ana maimaita wannan magana a unguwa. Shi ya sa na ɗauki biro, don kada a manta da Gwaggo, don kuma a san telan nan ba butulu ba ne. Ni ce na hana shi zuwa.

Gwaggo yayar mahaifinmu ce. Shekara talatin ta yi tana buga takardu a kotu, tun zamanin keken rubutu mai ƙara har aka kawo kwamfuta, wadda ba su taɓa shiri da juna ba. Da ta yi ritaya kowa ya ce to, yanzu Hajiya za ta zauna ta yi renon jikoki. Washegari ta yi wanka, ta ɗaura atamfa, ta tari napep, ta koma kotun. Mijinta, Allah ya jiƙansa, ya bi ta da kallo ya ce, "Hajiya, ko ba su hwaɗa maki an sallame ki ba?" Ta ce, "Daga tebur suka sallame ni, ba daga benci ba."

Bencin baya take zama, inda waɗanda aka cuta ke zama. Na sha tambayarta abin da take tsinta a can, don ni abin haushi yake ba ni, tsohuwa da ciwon gwiwa kullum tana hanya. Malama take kirana, saboda ina koyarwa, kuma ba don girmamawa take faɗa ba.

"Ke Malama," ta ce da ni wata rana, "shekara talatin ina buga maganar mutane. Ta alƙali shafi-shafi, ta lauya har hannu shi gaji. Wanda aka sara, ko aka ƙona wa shago, tashi maganar layi biyu ce."

Ta yi mini bayani yadda ko ɗalibata za ta gane. Wanda ake tuhuma yana da lauya. Gwamnati tana da lauya. Wanda aka cuta kuwa shaida ne kawai, ana kiransa in an tuna da shi. Ba mai gaya masa an ɗage zama. Ba mai gaya masa an ba da belin wanda ya cuce shi, sai dai su haɗu a masallaci. Ya zo yau a ce ba yau ba ne, ya zo gobe a ce ya dawo, har ya gaji ya zauna a gida. Ranar da aka neme shi ba ya nan, sai a kori ƙarar a ce babu shaida.

Wannan ramin ta ɗora wa kanta cikewa. Ta shiga ofishin rajista, inda rabin ma'aikatan ita ta koya musu aiki, suna ce mata Mama, suna kuma ɓuya in sun hango ta. Ta karɓo ranakun zama, ta bi mutane gida-gida tana gaya musu. Ta san doka ta yarda wanda aka cuta ya samu nasa lauyan da zai zauna a kotu ya sa ido a madadinsa, sai ta addabi matasan lauyoyi su riƙa yin haka don Allah. Wadda ta fi shan wahalarta 'yar wata ƙawarta ce, har muka laƙaba mata lauyar Gwaggo. Ta taɓa gaya mini da ta ji tarin Gwaggo a matakalar ofishinta take fara ture sauran ayyukan ranar. In ta yi ƙorafi Gwaggo ta ce, "Ni na fara goya ki, tashi mu tahi." Ba ta taɓa kiran kanta masaniyar doka ba. Cewa take, "Ni ba lauya ba ce, ni mai kai mutum wurin lauya ce."

Amma ba kotu ce ta haɗa ta da mutanen gari ba. Zuwa ban haƙuri ne. Duk ɗan Katsina ya san yadda muke yi. In ɗan gida ya yi ɓarna, ba ma jiran shari'a. A tara dattawa, a sa manyan riguna, a ɗauki liman da mai unguwa, a riƙe goro, a cika zauren wanda aka cuta. A yi gaisuwa mai tsawo, a tuno zaman mutuncin da kakansa ya yi da kakan wane, a kawo falalar yafiya, sannan a yi shiru ana kallonsa. Wa zai ɗaga kai a gaban wannan furfura ya ce a'a? Sai ya ce na yafe, a shafa fatiha, a raba goro, a watse. Shi kuma ya koma ɗaki da ciwonsa.

Gwaggo ba ta ƙin yafiya. Abin da ta tsana shi ne a ƙwace ta. Na taɓa raka ta gidan wata bazawara mai sayar da waina, wadda maƙwabcinta ya watsa wa tafasasshen mai a ƙafa kan rigimar kwata. Dattawa suka cika zaure, matar tana rakuɓe a bakin ƙofa, Gwaggo tana gefenta tana cin goron da ta zo da shi daga gida. Nasu ko kallonsa ba ta yi ba. Da liman ya gama, sai ta ce, "Malam, Allah shi saka da alheri, mun ji wa'azi. Ku tahi ku dawo jibi."

Mai unguwa ya ce, "Haba Hajiya, ai ba a jinkirta alheri."

Ta ce, "In yafiyar gaskiya ce ba ta tsami kwana biyu. Ba nono ba ce."

Suka tashi suna kaɗa riguna. Da zauren ya zama fayau, ta juya ga matar ta ce, "To ke, mi kike so?" Ba wanda ya taɓa yi wa matar wannan tambayar tun da abin ya faru. Can ta ce so take mutumin ya zo da ƙafarsa, ya faɗi abin da ya yi a gaban 'ya'yanta, don ya yi ta yaɗawa ita ta faɗa kan kaskonta. Ya zo, ya faɗa. Ta yafe masa, Gwaggo kuma ta raka ta kotu ta faɗa da bakinta.

Kada mai karatu ya ɗauka waliyyiya nake ba shi labari. Gwaggo ba ta iya girki ba, tuwonta kullum da gudaji, in ka yi magana ta ce haƙoranka na mene ne. Ba ta bari ka kai ƙarshen zance. Ban taɓa jin ta ce ta yi kuskure ba, sai dai washegari ka ga an aiko maka da goro biyu ba bayani. Ni da ita kullum cikin faɗa muke, don ni ma ba kanwar lasa ba ce, kuma a ɗakinta na koya.

Bara ne abin ya shigo gidanmu. Wani tela mazaunin Kambarawa ya fito daga Babbar Kasuwa bayan la'asar da ƙunshin zare da yadi. Matasa uku suka tare shi a wani lungu suka ce ya ba da waya. Ya ƙi saki, don awon mutane da hotunan ɗinkin da aka ba shi duk suna ciki, ga Sallah ta matso. Ɗaya ya zaro wuƙa ya sare shi a hannun dama. Biyu suka tsere, 'yan kasuwa suka kama mai wuƙar. Da aka yaye rawanin da ya rufe fuska da shi, sai ga ɗan Yaya.

Yaya babban wanmu ne, Alhaji, mai sayar da hatsi a kasuwar nan, mutumin da ba a taɓa jin kansa da kowa ba. Ɗan nasa shekararsa ashirin da huɗu. Ya daɗe yana bin ƙauraye, 'yan daban garinmu, mun sani, muna kau da kai muna cewa ƙuruciya ce. Ni na goya shi ina budurwa. Ina son sa har yau, kuma ba zan ɓoye ba.

Da aka sallamo telan daga asibiti, aka yi taron gida a ɗakin Gwaggo. Yaya ya ce maza za su je wurin telan, ita kuma a matsayinta na babba ta ja mata zuwa wurin mahaifiyarsa. Ta ce za ta je. Muka yi ajiyar zuciya, muka ce ashe tsufa ya fara saukar da ita. Ranar tafiya ba ta jira kowa ba. Da ayarin Yaya ya isa Kambarawa, suka tarar da ita zaune a zaure gefen telan, ga lauyarta a ɗaya gefen. Ta gaishe su ɗaya bayan ɗaya, sannan ta ce su dawo jibi. Da jibin ya zo telan ya aika musu cewa shi kotu yake so.

Yaya ya same ta a tsakar gida, yana tsaye.

"Gwaggo, jininki ne hwa."

"Na sani. Ni na yi mashi wanka randa aka haife shi."

"To mi ya kai ki bayan bare?"

"Ɗanka shina da kai, shina da ni, shina da liman da mai unguwa, ka kuma ɗaukar mashi lauya. Shi wancan wa gare shi? Tsohuwa ɗaya da keken ɗinki."

"So kike a ɗaure shi ke nan."

"So nike a tambayi wanda aka sara. In ya ce ya yahe, ni zan raka shi shi hwaɗa. In bai ce ba, ba kai za ka ce mashi ba."

Yaya ya ce daga ranar ba shi ba ita. Ya cika alkawari kuwa. Wata goma sha ɗaya bai taka ɗakinta ba, ƙaramar Sallah da babba duk suka wuce bai zo gaisuwa ba.

Ni ma bayan Yaya na bi, kuma na fi shi baki. Na ce mata da jikanta ne na cikinta da ba ta yi haka ba. Ta dube ni ta ce, "Malama, miƙo mani buta." Iyakar amsar ke nan. Na yi wata biyu ban leƙa ta ba, kuma cikin duk abin da na taɓa yi mata wannan ne ke hana ni sukuni yanzu.

Wata Juma'a na gaji da fushin na je. Na tarar da ita tana zuba dambu a kula, ta yanka albasa manya-manya kamar yadda ta saba. Na ce ina zuwa. Ta ce gidan yari. Ashe tun da aka tsare yaron, don ba a ba da belinsa ba, ba Juma'ar da ba ta kai masa abinci. Ko iyayensa ba su sani ba, don ta ce wa yaron kada ya faɗa. Na bi ta. Ya rame, ya yi baƙi, yana cin dambun nan hannu baka hannu ƙwarya, ita kuma ta zuba masa ido. Da ya gama ta ce, "Ran zama bayan telan za ka gan ni, kar ka yi mamaki." Ya sunkuyar da kai ya ce, "Na sani, Hajiya." A napep muna dawowa ta ja mayafi ta rufe fuska, kafaɗunta suna rawa. Da na taɓa ta sai ta ce hayaƙin mota ne. A ranar na aje makamaina. Ta ba ni lambar telan ta ce in riƙa kiran sa ina gaya masa ranar zama, don idonta ya daina ganin lambobin waya.

An ɗage zaman nan ban san sau nawa ba. Yau alƙali ya tafi taro, gobe ba a kawo wanda ake tuhuma ba, jibi lauya ba shi da lafiya. Telan kuwa yatsunsa uku sun daina lanƙwasawa, almakashi ya gagare shi, ya rufe shago. Duk da haka ba zaman da ya wuce shi, don Gwaggo ba ta bari. A ƙarshe aka sa ranar da zai ba da shaida, wata Alhamis. Ta riƙa jiran ta kamar mai jiran biki. Litinin ɗin makon ta shirya za ta je wurin lauyarta su ƙara duba komai, sai ajali ya riga napep zuwa.

Yaya ya yi kuka a maƙabarta, waɗanda suka je sun gaya mini, kuma na yarda kukan gaskiya ne. Talata da safe ya aiko a kira ni zaure. Idanunsa jajur. Ya ce, "Kina da lambar telan nan. Ki kira shi, shi zo addu'ar ukku gobe."

Na ce ai zai zo ko ba a kira shi ba.

"So nike ki tabbatar. Na yi magana da liman. In an gama addu'a, gaban jama'a, za a roƙe shi shi yahe albarkacin marigayiya. Ba ya ƙi ba, a kan tabarmarta."

Gaskiyarsa ce, ba zai iya ƙi ba. Ba a haifi mutumin da zai zauna a zaman makokin wadda ta yi masa alheri, a roƙe shi da sunanta, ya ce a'a ba. In ya furta a gaban liman da jama'a, kunya ba za ta bar shi ya je kotu ran Alhamis ba. In bai je ba, babu shaida, ƙara ta mutu, ɗan Yaya ya dawo gida. Na dubi wana, ya tsufa cikin wata goma sha ɗaya. Ban ce masa to ba, ban ce a'a ba, na koma ciki.

Na kasa zama. In zauna kan tabarma, in tashi in leƙa madafa, in dawo, in shiga ɗakinta in fito. Mata suna ta ce mini in yi haƙuri, sun ɗauka zafin rashi ne. Ina son yaron nan ya fito, wallahi ina so. Amma duk lokacin da na tuna da sunanta za a yi, matar da ta ƙare ƙarfinta tana korar irin wannan ayarin, sai in ji kamar a kan gawarta za a raba goron.

Kafin azahar wayata ta yi ƙara, sai ga telan da kansa. Bai ji rasuwar ba sai bayan an kai ta. Ya yi mini gaisuwa, ya ce yana so ya kawo mahaifiyarsa gobe wurin addu'a. Na shige bayan ɗaki inda ake aje itace, na rage murya.

"Malam, kada ka zo."

Ya ce, "Malama, ban ji ba."

"Na ce kada ka zo. Ba gobe ba, ba yau ba."

"Hajiya ta rasu, ki ce kar in zo? Laihin mi na yi?"

Na gaya masa abin da aka shirya, ban rage komai ba. Can ya ce, "To mi mutane za su ce?"

"Za su ce kai butulu ne."

"Kuma in zauna?"

"Ka zauna. Ran Alhamis ka je ka hwaɗi abin da aka yi maka. Bayan nan in ka ga dama ka yahe, in ka ga dama ka zo gaisuwa, ƙohwa a buɗe take."

Na ji yana kuka, babban mutum mai iyali, sannan wayar ta mutu. Har yau ina tunanin ko haka Gwaggo za ta yi. Ina jin ita gaya masa kawai za ta yi, ta bar shi ya zaɓa. Ni umarni na ba shi. Ban kai ta ba, kuma lokacin koyo ya ƙure mini.

Ran Laraba liman ya ja addu'a har mutane suka fara gyara zama. An ce Yaya idonsa yana kan hanya tun farko har aka shafa. Aka raba abinci, aka watse, telan bai zo ba. Yaya ya shigo cikin gida, abin da bai yi ba tun ran Litinin, ya tsaya a kaina ya ce ko na kira shi. Na ja shi gefe, matarsa ta biyo mu. Na ce telan ne ya kira ni, ni kuma na ce kada ya zo. Matar Yaya, ƙawata tun muna 'yan mata, ta dube ni ta ce, "An binne ɗaya, ashe ta bar mana wata." Yaya ya juya ya fita. Ba su gaya wa kowa ba, ni ma tsoro ya hana ni faɗa a lokacin, na bar mata suna cin naman bawan Allah a gabana.

Ran Alhamis da safe na tashi daga tabarmar makoki na sa hijabi. Wata ta ce, "Ina za ki, ko bakwai ba a yi ba?" Na ce ina zuwa. Ban san ko ƙofar da ake shiga ba, sai da lauyar Gwaggo ta hango ni ina zagaye ta kama hannuna. Ta zaunar da ni a bencin baya. Telan yana gabana, hannunsa na dama a cikin aljihun riga. Aka shigo da ɗan Yaya. Ya dubi bencin, ya gan ni a wurin, ya sunkuyar da kai.

Lauyan wanda ake tuhuma ya miƙe ya ce iyalai suna gab da yin sulhu, yana roƙon a ɗage zama. Lauyar gwamnati ta fara juya takardu kamar za ta amince. Sai lauyar Gwaggo ta tashi ta nemi izini, ta ce ita ke sa ido a madadin wanda aka sara, ba wanda ya yi sulhu da shi, ga shi nan zaune, kuma yana so a ji shi. Alƙali ya ɗago ya ce a kira shi.

Ya yi rantsuwa, ya fara a hankali. Ya faɗi zaren da ya saya, da lungun, da abin da aka ce masa, da yadda ya ga yatsunsa suna lilo. Ya faɗi yadda ya mayar wa mutane yadinsu ba a ɗinka ba ana saura kwana huɗu Sallah. Lauyan ɗaya ɓangaren ya yi ta juya shi, bai canja ko kalma ba. Ya fi rabin sa'a yana magana, ina kallon mai rubutu yana juya shafi. Sannan aka ɗage zama. Har ranar da nake wannan rubutu ba a yanke hukunci ba.

Da muka fito, Yaya yana tsaye ƙarƙashin bishiyar bedi. Duk zaman da aka yi bai taɓa shiga ciki ba, a nan yake tsayawa. Ba liman, ba mai unguwa, shi kaɗai. Telan ya tsaya, sannan ya nufe shi da kansa. Ya cire takalmi ya durƙusa.

"Alhaji, ya haƙuri? Allah shi jiƙan Hajiya, shi sa ta huta."

"Da godiya," in ji Yaya. Can ya ce, "Malam, in ga hannun."

A lokacin na tuna, duk gidanmu in ban da Gwaggo ba wanda ya taɓa duban hannun nan. Mun yi taro a kansa, mun yi faɗa a kansa, mun yanke zumunci a kansa, ba mu gan shi ba. Telan ya zaro shi daga aljihu ya miƙa. Tabon ya ratsa tafin daga gindin babban yatsa har wuyan hannu, yatsu uku sun sandare sun ƙanƙance. Yaya ya durƙusa shi ma, da babbar rigarsa a cikin ƙasa, ya tallabi hannun da hannuwansa biyu. Ya taɓa yatsun ɗaya bayan ɗaya, ba yatsan da ya motsa.

Telan ya ce, "Alhaji, ban yahe ba. Ban sani ba ko zan iya."

Na jira in ji Yaya ya kawo sunan Gwaggo. Bakinsa ya motsa, hawaye ya bi gemunsa. Abin da ya ce kawai shi ne, "Na ji." Ya aje hannun a hankali a kan gwiwar mai shi, ya miƙe, ya wuce ta gabana bai dube ni ba, ya tafi neman izinin ganin ɗansa.

Allah ya gafarta miki, Gwaggo, ya yalwata makwancinki, ya sa ki tarar da shari'ar da ba a ɗagewa kuma ta yi miki sauƙi. Telanki ya yi magana, an rubuta.